Gyaɗa Goma Sha Tara

Shekara talatin Malam Idris ya yi yana koyar da lissafi a wata sakandare a Kiru, amma ciwon shanyewar ɓarin jiki bai duba wannan ba. Ya ɗauke masa hannun dama, ya ɗauke magana, ya bar masa hankalinsa garau. Wannan ne ya fi cinsa.

Ranar Lahadi bayan la'asar yana jingine a rumfa, autarsa Bushira ta zauna kusa da shi da littafi. Gobe take da jarrabawar lissafi a Bebeji, karo na uku, kuma idan ta sake faɗuwa zancen makarantar koyon jinya ya mutu. Ya karkato kai ya ga abin da ta rubuta: 3x + 4 = 19. A ƙasa ta sa 3x = 23.

Ransa ya ɓaci. Ya san masu wannan aika-aikar, malaman lesin da ke ce wa yara su “tsallakar da huɗu”, sai ka ce akuya da katanga. Shi a ajinsa babu abin da ke tsallakawa. Sikeli ne, abin da ka cire a hagu ka cire shi a dama. Ɗalibai dubu nawa ya faɗa wa haka, yau ga ta cikinsa, bakin ya ƙi.

“Daidai ne, Baba?”

Ya girgiza kai.

“A ina na ɓata?”

Ya buɗe baki, wani gurnani ya fito, miyau ya biyo baya. Ta sa gefen hijabinta ta goge masa. Kunya ta kama shi kamar ya nutse.

Matarsa Kulu tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ya miƙa hannun hagu ya ja farantin.

“Malam, ɗanya ce fa, likita ya hana ka abu mai tauri,” in ji Kulu.

Bai kula ta ba. Ya shimfiɗa sandarsa a tsakiyar tabarma. A hagu ya kife murafen kwalaben maganinsa guda uku, ya ajiye gyaɗa huɗu. A dama ya shiga ƙirga goma sha tara. Hannun hagu bai saba aiki ba, gyaɗar tana ta zillewa, kaza ta zo ta tsince ɗaya, ya sake daga farko. Kulu ta juya baya tana share ido, don a ganinta ciwon ya taɓa kai, Malam ya koma wasan yara.

Ya janye huɗun hagu, ya dubi Bushira. Ba ta gane ba. Ya mayar, ya sake janyewa. A karo na huɗu ya kama hannunta ya ɗora a kan tsibin dama.

“Nan ma in cire huɗu?”

Ya gyaɗa kai da ƙarfi har hularsa ta zame. Ta cire, ta ƙirga sha biyar, ta tsaya tana duban murafen nan uku. Can ta raba gyaɗar, kowane murfi biyar.

“Biyar! Ashe cirewa ake yi duka ɓangaren biyu. Baba, me ya sa ba wanda ya taɓa nuna mini haka?”

Wannan tambayar ta soke shi. Lokacin da yake da baki, 'ya'yan wasu ya ba lokacinsa, yana cewa nata na nan zuwa.

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Yayanta Mujitaba ne ya zo kai ta Bebeji, gidan gwaggonta, kafin magariba. Tambaya ɗaya ta ci musu awa guda. Bushira ta buɗe shafi na gaba da sauri, ta kawo shi daidai fuskarsa.

“Baba, waɗannan fa? Masu rabi da kwata, su ne suka kayar da ni bara.”

Tambaya talatin da tara ne, duk ya san amsarsu. Ya dubi gyaɗar, ya dubi hannunsa na hagu. Mujitaba ya sake danna hon.