Gajeriyar Hanya Ta Ƙofar Gidanmu

A unguwarmu Injiniya ake kirana, alhali ko fulogin babur ban taɓa kwancewa ba. Abin da na iya shi ne kallon tseren motocin ƙasar waje a waya, sannan in zauna a majalisa in cika mutane da bayani. Karatuna kullum ɗaya ne: ba mai gudu ke cin tsere ba, mai karanta doka ne. Manyan can, inda doka ta yi shiru nan suke kutsawa su ɗauke kofi, a bar masu gudu da gumi.

Mikail, mijin ƙanwata Bahijja, shi kuwa gudun ya iya. Bakaniken babura ne mai kunyar tsiya, amma in ya hau ƙarfe sai ka rantse wani aka canzo. Ƙungiyar masu wasan babur ta shirya tsere ranar Lahadi da safe, ta ce wanda ya zo na ɗaya za ta kai shi babbar gasa a Abuja. Kowa ya san abin tsakaninsa ne da wani Nazeer, kuma Mikail ya daɗe yana mafarkin tafiyar nan.

Da kunnena na ji dokar: a tashi daga Ƙofar Na'isa, a tsaya a Ƙofar Wambai. An tare musu titin da ya zagaya ta bayan ganuwa, amma ba wanda ya ce dole a bi shi.

"Ka yanke ta cikin gari," na ce masa. "Lungu-lungu, kafin su sha kwanar farko ka isa."

"Yaya Abdulhakeem, ni fa ina ganin a titin ma zan iya da shi."

"Kai dai riƙe kan babur, ka bar mana tunanin."

Wan matarsa ne ni, ba zai yi musu da ni ba. Na tsara masa hanya tsaf, na kauce wa kwatoci da masu koko. Ni da aka haifa a gidan, na manta lungun ta ƙofar gidanmu ya bi, kuma duk safiya mahaifinmu, Baffa, yana kan dakali yana jin rediyo.

Na riga kowa isa Ƙofar Wambai, na sha guga, ina jiran a taya ni murna. Nazeer ya iso. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har da wani da salansarsa ta faɗi a hanya. Can sai ga Mikail yana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, hular kwano a rataye a hannu, Baffa a bayansa ya tattare babbar riga.

Daga baya na ji yadda aka yi. Wane ɗan mutunci ne zai wuce surukinsa a guje? Ya kashe babur, ya cire takalmi, ya durƙusa. Baffa ya tambayi lafiyar Bahijja, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafar mahaifiyar Mikail, sannan ya ce, "Ina zuwa haka da sassafe?"

"Ƙofar Wambai, Baffa."

"Madalla, ka rage mini hanya. Amma a hankali, ba na son gudu."

Da suka iso inda muke, Baffa ya sauka, ya dubi taron, ya tambaye ni bikin me ake yi. Kafin in amsa ya ce, "Yaron nan akwai natsuwa a tuƙi, Allah ya yi masa albarka." Ya shige kasuwa abinsa.

Mikail na tsaye yana kallon yadda aka ɗaga Nazeer sama. Na matsa kusa da shi, na gyara murya.

"A doka dai ba mu yi kuskure ba."

"Haka ne, Yaya," ya ce, bai kalle ni ba. "Da a titi ya kayar da ni, da na san ya fi ni. Yanzu ko wannan ban sani ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tayar da babur, ya tambaye ni cikin ladabi ko zai rage mini hanya.