A Ce Ta Tafi Kanti

Kullum da ƙarfe huɗu na yamma Orville Halvorsen yakan tambayi matarsa. Shekara biyu ke nan da binne ta.

'Yarsa Gwen takan iso gidan kula da tsofaffin da huɗu saura kwata, bayan ta sauke yaran makaranta ta ajiye bas. Takan tarar da shi a kujerar bakin taga yana kallon tafki, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a jiragen dakon tama. Sai ya juyo ya ce ina Bernice, ita kuma ta gaya masa. Kowace rana labarin sabo ne a kunnensa, kowace rana ya yi kukan ranar farko, sannan ya ture abinci. Makon jiya har jifan wata ma'aikaciya ya yi da kofi, wai sun ɓoye masa jana'iza.

Ran Talata Lucinda Baptiste, shugabar masu jinya, ta tare Gwen a baranda. Ta ce likita ya yanke magana: in abin bai sauya ba zuwa Juma'a, za a mai da shi bene na uku. Gwen ta san benen. Ƙofofinsa a kulle suke, ana ba mutanensa maganin da ke sa su wuni suna gyangyaɗi, kuma tagoginsa wurin ajiye motoci suke kallo.

"Ki ce masa ta tafi kanti," in ji Lucinda. "Kowa haka yake yi. Mista Dubois na ɗaki na shida, matarsa shekara tara ke nan tana kanti."

"Ba ki san ubana ba."

"Ni kuwa na san shi, 'yar'uwa. Ni nake canza masa wando."

Gwen ba ta yi dariya ba. Ta ce Orville mutum ne da ke ware magana yadda yake ware kusoshi a gwangwanaye. Akwai ƙarya, wadda hukuncinta a gidansu mako guda ba keke. Akwai 'yar ƙaryar ladabi, irin yabon girkin gwaggo, wadda yakan ƙyale yana ɗaure fuska. Akwai shaci-faɗin ma'aikatan jirgi kan girman kifi, wannan shi kansa gwani ne. Na huɗun shi ne abin da ake kira make-believe da Turanci, wato wasan "a ce". Yakan ce kalma biyu ce aka haɗa, sa mutum da yarda, amma ba wanda ake sa wa dole. Mai faɗa da mai ji duk sun san wasa ne, kuma sai an faɗi sunan abin kafin a fara. In ba a faɗa ba, ya koma gwangwanin farko.

Lucinda ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, amma Juma'a dai tana nan.

Ran Laraba Gwen ta gwada shawarar. Da ya tambaya, ta ce Mama ta tafi kanti, yanzu za ta dawo. Orville ya daɗe yana kallonta. Wani lokaci sunanta ma yakan ɓace masa, amma ran nan ya zo masa cikakke.

"Gwendolyn. Kina murza kunne."

Ta sauke hannunta.

"In har ke kike min ƙarya, to wani abu ya same ta. Me ya same ta?"

Ta gaya masa. Sai da mutum biyu suka riƙe shi ran nan, farantin kuma ya koma kicin yadda ya fito.

Ran Alhamis ta daɗe zaune a mota kafin ta shiga. Shekararta hamsin da shida, rabonta da furta kalmar make-believe tun ɗanta yana ƙarami. Ta ga abin kamar wauta ne. Ta kuma ji tsoron kada kalmar ta bi sauran abubuwan da suka zube daga kansa.

Yana kujerarsa. An kawo nama da dakakken dankali, ko cokali bai taɓa ba.

"Ina Bernice?"

Gwen ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta danne hannayenta a cinya.

"Baba, mu yi make-believe. A ce Mama ta tafi kanti."

Ya mai da idonsa kan tafki. Wani jirgi yana shigowa tasha, ya bi shi da ido har ya wuce gada. Gwen ta ga haɓarsa tana rawa, ta soma shirin danna ƙararrawar kiran ma'aikata.

"A ce ta tafi," ya faɗa a hankali. "Wane kantin?"

"Na kan kwana."

"Haba, yarinya. Bernice ba ta taka kantin nan, kofinsu kamar ruwan wanke kwano. In za ki yi wasa, ki yi shi daidai. A ce ta haura na kan tudu."

"To, a ce na kan tudu."

Ya ce a ce ta manta takardar cefane a kan firij, kamar kullum. A ce ta haɗu da ƙawarta Dolores a wajen kayan gwangwani, kuma in waɗannan biyun suka haɗu sai a rufe kanti suna ciki. Gwen ta ce a ce ta bar saƙo kada a jira ta da abinci. Ya harare ta, ya ce ya gane dabararta sarai. Amma ya ɗauki cokali. Ya ci dankalin duka da rabin naman. Hawaye na bin kumatunsa yana taunawa, bai share ba, bai kuma tambayi dalilinsu ba.

Lucinda na bakin ƙofa. Ta rubuta abin da ya ci, ta wuce.

Ran Juma'a likita ya ƙara musu mako biyu, daga baya ya ƙara wata guda. Ran Asabar Gwen ta makara, sai Lucinda ta gwada da kanta, har da kalmar. Orville ya dube ta sama da ƙasa ya ce ba ya wasa da baƙi.

Ma'anar wannan ba ta ɓuya wa Gwen ba: kullum da ƙarfe huɗu sai dai ita da kanta. Ta kira ɗanta a Arizona ta ce ba za ta zo hutun Kirsimeti ba, watakila har na bazara. Ya tambaye ta ko kakan nasa ya san gaskiyar ne, ko kuwa ya yarda da wasan. Ta ce ba ta tambaye shi ba, kuma ba za ta tambaya ba.