Ƙibar Jego

A shekarun da Nasara suka fara haƙar ƙasa a arewacin Agadas, suna neman wani dutse da ba wanda ya san amfaninsa, babu gari a Arlit. Tantuna ne kawai da bukkokin tabarma, sai tano-tanon ruwa, gangunan ƙarfe da babbar mota, wato kamyo, ke kawowa. A nan 'Yargata take dafa wa masu haƙa tuwo. Mutuniyar Damagaram ce, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi wa mata wankan jego ba adadi.

Almustafa, mai tuƙa kamyon ruwa, shi kaɗai ya zo da matarsa. Sunanta Dassin, 'yar masu garka ce, manoman lambu, daga Timiya. An yi niyyar mayar da ita wurin uwarta ta haihu, sai naƙuda ta riga su. A hannun 'Yargata yarinyar ta faɗo, aka sa mata suna Mina.

"Inna, ka riƙe ta kamar naka," in ji Almustafa yana nuna Dassin, da irin Hausarsa ta mutanen Abzin mai haɗa namiji da mace.

"Ka bar mini ita. Ranar arba'in uwarta ba za ta gane ta ba don ƙiba."

Tun daga ranar ta sa kanta. Safe da yamma tana tafasa babbar tukunya da wutar kashin raƙuma, rabin ruwan daga nata rabon yake fitowa. Babu ganyen tsamiya a ƙasar, sai ta riƙa tsoma tsumma tana gasa mata jiki. Ta zuba rushi a rami, ta ɗora gadon kara a kai. Ta kwance ƙullin jar kanwar da ta taho da ita daga gida, tana dama kunu mai kauri.

"Inna, wannan kunu yana cizo," in ji Dassin tana yamutsa fuska.

"Sha, Buzuwa. Ku da madarar raƙumi ta lalata muku baki. Shi ke kawo nono, shi ke korar sanyi."

Dassin ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Dassin siririya ce, awarwaron azurfar da uwarta ta ba ta har gwiwar hannu yake zamewa. Da shi 'Yargata take auna aikinta. Kullum bayan wanka sai ta tura shi sama ta ga inda zai tsaya. Da farko ya daina kaiwa gwiwar hannu. Daga baya ya daina motsi. Ƙafafu suka cika, fuska ta cika, ciki ya sake tasowa. 'Yargata ta riƙa gaya wa masu sayen tuwo cewa jego ya karɓi 'yarta.

Sai dai Dassin ba ta iya kwanciya. In ta miƙe, numfashi ya tsaya mata a wuya, sai a zaune take gyangyaɗi, ta jingina da buhun gero. Zuwa bayan bukka ta dawo, sai ta huta a hanya.

Ranar da kamyo zai tafi Agadas, Almustafa ya tsaya a ƙofar bukka, rawaninsa ya rufe masa baki.

"Inna, zan tafi da ita gidan likita. Numfashinsa ba daidai ba."

"Mai jego a bayan kamyo, cikin iska? Kana so sanyi ya shige ta ya kashe ta? Nauyin jiki ne. Dubi hannun nan."

Ta ɗaga hannun Dassin ta nuna masa awarwaron da ya nutse cikin nama. Ya duba, ya dubi matarsa.

"Ka tafi," in ji Dassin, ita ma da Hausar Abzin. "Inna ya sani."

Ya tafi.

Bayan tafiyarsa yatsun hannun suka fara yin baƙi. 'Yargata ta gwada sabulu, ta gwada man shanu, awarwaro ya ƙi fita. Ta kira Akoli, maƙerin da ke wasa wa masu haƙa diga. Ya tsuguna da ƙaramin zartonsa yana tsokana.

"Tsohuwa, me kake ba ta? Ni ma a ba ni, ko matata za ta daina ce mini sanda."

Ya yanke azurfar, ya buɗe ta. Inda babban yatsansa ya riƙe hannun, rami ya zauna, kamar an danna tuwo mai sanyi. Suka tsaya suna kallonsa. Ramin bai cike ba.

Akoli ya daina dariya. Ya miƙa wa 'Yargata awarwaron, ya ce a hankali, "Na taɓa yanke irin wannan a Ingal. Ita ma mai jego ce."

"Ta tashi?"

Ya tattara kayansa ya fita.

'Yargata ta zauna riƙe da azurfar. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji komai ba. Da rana ta yi sanyi ta tashi ta hura wuta ta ɗora tukunya, don ba ta san wani abin da ake yi wa mai jego ba. Ta dama kunun, ta rage kanwar kaɗan.

Kamyo bai dawo da wuri ba, ya lalace a hanya. Da ya iso, Dassin tana tofar da kumfa mai ja-ja. Wannan karon ba wanda ya yi maganar iska. Suka ɗaure buhunan gero a baya, suka jingina ta, 'Yargata ta goya Mina ta zauna kusa da ita tana riƙe mata kai a duk gargadar hanya.

Ma'aikacin gidan likita na Agadas dattijo ne mai farar riga. Ya danna ƙwaurin Dassin, ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya daɗe.

"Ba ƙiba ba ce, ruwa ne," ya ce. "Zuciyarta ce ta gaji, ta kasa tura jini. Yana samun wasu mata kusa da haihuwa ko bayanta. Me take ci?"

"Kunun kanwa," in ji 'Yargata.

"Kullum?"

"Safe da yamma."

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafin wanka kuma yana ƙara wa zuciya aiki, amma ciwon yakan zo ko ba su. Ya yi wa Dassin allura, ya ce a bar ta a zaune.

Bayan azahar Dassin ta buɗe ido.

"Inna, Mina ya sha?"

"Ta sha."

"Ka ajiye masa awarwaro."

Ba ta sake magana ba. Kafin la'asar rai ya yi halinsa, aka kai ta makwancinta kafin magariba. Matan gidan ƙanwar Almustafa, inda suka sauka, suka yi ta kuka. 'Yargata ta zauna a gefen tabarma tana jijjiga Mina. Almustafa ya wuce ta gabanta, ya ce, "Sannu, Inna." Ta ce, "Yawwa."

Da gari ya waye ta tashi ta hura wuta, ta cika babbar tukunya. Sai da ruwan ya tafasa ta tuna. Ta ɗebi kaɗan, ta surka shi da na sanyi har ya yi daidai da gwiwar hannunta, ta wanke Mina. Ta ƙulle awarwaron a bakin zanen goyo. Sannan ta ɗauki sauran kanwar da ƙwarya, ta nufi gidan maƙwabta masu akuya. Ta ba su kanwar don dabbobinsu, ta tsaya a bakin garke tana jira a tatso madara.