Cikin da Gari Ya Zuba wa Ido

Walda ce sana'ata. Da can ƙofofi nake ƙerawa, da tagogi, wani lokacin gadon ƙarfe. Tun da masaƙar garinmu ta tsaya, rufe ƙofofi ya zama aikina. Mutum zai ɗaure kayansa ya kira ni, in gitta ƙarfe biyu a ƙofarsa in liƙe, shi kuma ya hau mota zuwa babban birni. Gida goma sha tara ne a layinmu, bakwai kawai ake share ƙofarsu. Har makarantar da na gama, ni na liƙe ƙofar ajinmu.

Ana cikin haka matata ta samu ciki.

Cikin yana wata bakwai takarda ta zo daga hukumar lafiya, aka manna ta a bangon asibiti. Ta ce duk asibitin da ya cika shekara ba a rubuta haihuwa ko ɗaya a cikinsa ba, za a rufe shi, a kai ma'aikatansa inda jama'a ke ƙaruwa. Namu zai cika shekarar a ƙarshen wata mai zuwa. Ɗaki uku ne, gado huɗu, Nas ɗaya, sai firiji mai aiki da hasken rana. A firijin nan allurar ciwon sugan Innata take, da ta wasu tsofaffi kusan ashirin. Babban birni kuwa tafiyar awa huɗu ce. Duk garin babu mai ciki sai matata.

Da farko abin dariya ne. Tsofaffin matan layi su leƙo da safe.

“Ina angon namu? Har yanzu bai shirya ba?”

“In mace ce fa, Gwaggo?” in ji matata.

“Kishiya ce ke nan. Ta zo, muna maraba. Ai mun gaji da kallon fuskokin juna, duk sun yamutse.”

Suka kawo safa, suka kawo hula, wata ta kawo gadon jikanta da ke birni. Daga nan wani ya ajiye benci daura da ƙofarmu. Ban san ranar da suka fara zama bi da bi ba. Na dai lura ban taɓa fita na ga bencin babu kowa ba. In matata ta fito zubar da shara, sai an tambaye ta ina za ta.

Saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika na raka ta awo. Nas ta daɗe tana laluben cikin, sannan ta leƙo ta ce in shigo in ja ƙofa. Babbar mace ce, ita ta karɓi haihuwata.

“Ɗan a gicciye yake kwance,” ta ce. “Na yi zaton zai juya. Bai juya ba.”

“To me za a yi?”

“A birni aiki za su yi mata su ciro shi. Nan ba ni da likita, ba ni da jini.”

“Ke ba za ki iya ba?”

Ta dubi hannayenta. “Na taɓa juya irinsa sau uku. Biyu sun yi.”

“Na ukun fa?”

Ta ɗauki tsumma ta fara goge teburin da babu komai a kansa.

“Ban ce ku tafi ba, ban ce ku zauna ba,” ta ce. “In an tambaye ku, awo kawai kuka zo.”

Da muka fito, layin masu karɓar allura ya yi tsit. Suna kallon cikin, suna kallona.

Motar haya ɗaya ta rage mana, tana fita Litinin da Alhamis. Ranar Laraba na je wajen Baba Direba. Na same shi kishingiɗe a inuwar motar, hula a kan fuska.

“Baba, kujera biyu gobe.”

“Mota ta lalace, ɗan nan.”

“Makon jiya na liƙe mata salansa. Lafiyarta lau.”

“To yanzu ta fasa zama lafiya lau. Ni da ita tsufa ɗaya muke yi, ba ma ba da sanarwa.”

Na ɗaga kujerar gaba na leƙa. Babu batir. Wayoyin na lilo, kawunansu fes, an kwance su da sufana cikin natsuwa.

“Matata ma a firijin nan take ajiye ranta,” ya ce daga ƙarƙashin hular. “Shekara hamsin muna tare. Kai naka auren shekara nawa?”

Na mayar da kujerar. Na wuce wajen mai sayar da fetur. Da ya hango ni da jarka sai ya ja buhu ya rufe durom.

“Ya ƙare.”

“Ina jin ƙamshinsa.”

“Ƙamshin ne ya rage.”

A gida na tarar da Inna a tsakar gida, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan tabarma. Matata na ɗaki, labule a sake.

“An ce kana yawon neman mota,” in ji Inna.

“Nas ta ce a gicciye yake.”

“Kai ma a gicciye ka zo. Ga ka nan, ƙato, kana ƙona ƙarfe.”

Shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar.

“Inna,” matata ta ce daga bayan labule, muryarta ƙasa ƙasa, “ni tsoro nake ji.”

“Kowace mace tana jin tsoro, ’yar nan.”

“Ba na haihuwar ba. Na mutanen da ke kan benci.”

Inna ta sunkuya. Ta jawo ƙafarta ɗaya da hannu biyu ta gyara mata wuri.

Na zauna a shago har la'asar ina kallon kayan aikina. In mun tafi, an rufe asibiti, allurar Inna ta koma tafiyar awa huɗu. In mun zauna, biyu cikin uku. Na juya lissafin ta kowane gefe, bai canja ba. Can idona ya faɗa kan janaretan injin walda. Na cika tankinsa ranar Asabar, kuma babu wanda ya tashi daga gari a makon, balle in yi walda. Mutanen gari ba su tuna da shi ba. Na sa tiyo na zuƙe man cikin jarka, na juye a babur mai ƙafa uku da nake ɗaukar kaya da shi.

Da safe, rana ta fito sosai, na turo babur ɗin ƙofar gida. Ban so a ce guduwa muka yi. Na sauke ƙarafa, na share bayan. Mata biyun da ke kan benci suka miƙe. Ɗaya ta bi layi da sauri irin na tsofaffi. Kafin in fito da jaka, mutum ya kai talatin a hanya, wasu da sanduna, wani a keken guragu. Ba wanda ya ɗaga murya. Tsayawa kawai suka yi, daga wannan bango zuwa wancan.

“Ina za a kai mana ango?” in ji wadda ta kawo gado. Ba ta yi dariya ba.

“Gwaggo, ku ba mu hanya.”

“Kwana tara ya rage, ɗan nan. Kwana tara kawai.”

Matata ta riƙe rigata ta baya.

Sai ga Inna ta fito, tana jan katifarta a ƙasa, tana haki. Ta jingina ta da babur ɗin.

“Shimfiɗa mata, hanyar ba kyau,” ta ce. Ta matso kusa da kunnena. “Daidai ka zo duniya, ba a gicciye ba. Ƙarya na yi maka jiya.”

Ta juya ta shiga cikin mutanen da sandarta, a hankali, ba ta kallon kowa. Inda ta bi, nan hanya ta buɗe. Na tada injin na bi bayanta. Na ji hannaye na shafar gefen babur ɗin muna wucewa. Ban waiwaya ba.

A birni kwana biyu matata ta yi a baranda kafin a samu gado. Mata a ko'ina, har kan matakala, jarirai bibbiyu a gado ɗaya. Aka yi aikin, aka ciro ’ya mace. Mai rubuta haihuwa bai ko ɗago kai ba; ya ce ita ce ta arba'in da ɗaya a ranar. Na bar su a ɗakin yayar matata, inda mutum bakwai ke kwana, na dawo.

Mako uku bayan nan babbar mota ta zo ta ɗauki gadaje huɗu da firiji da Nas. Aka aiko takarda a liƙe ƙofar asibitin. Ba wani mai walda a garin.

Tsofaffin suna zaune a bencin masu jiran allura lokacin da na iso, kamar dai za a kira suna. Inna na cikinsu, da ƙaramar kula a cinya. A cikinta na kawo mata allurar mako ɗaya da ƙanƙara daga birni. Kafin in iso gari ƙanƙarar ta zama ruwa. Na ce ta biyo ni birni, ta ce in nuna mata inda za ta miƙe ƙafa a ɗakin mutum tara.

Na gitta ƙarfen farko. Baba Direba ya matso, yana kare ido da hannu. Matarsa ba ta fito ba.

“Namiji ko mace?”

“Mace.”

“A can aka rubuta ta?”

“A can.”

Ya gyaɗa kai ya koma ya zauna.

Na liƙe na biyu, na kashe janareta. Shiru ya dawo, sai ƙarfen da ke ƙara yana hucewa. Ina naɗe waya Inna ta kira ni.

“Sandar waldar nan, nawa ta rage maka?”

Na duba kwali. “Shida.”

“Ƙofa irin tawa nawa take ci?”

“Inna.”

“Tambayarka na yi.”

“Huɗu.”

“To ware su. Kada ka taɓa su, ko wa ya kira ka.”

Na zaro huɗu na naɗe a tsumma. Sauran mutanen bencin duk suna kallon biyun da suka rage a kwali.