Rainon Mista Angus

Tun da Rhona ta shiga makarantar nazare, Effie Dunbar ta daina iya komai. Shekara ashirin da shida tana rainon 'ya'yan mutane a gidanta da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kirkcaldy, wasu har sun girma sun kawo mata nasu, amma yanzu 'yar shekara uku ce ke koya mata wanke hannu. Ta ɗauko wuƙa za ta yanka inabi, sai a ce mata Malama Baird ta ce a tsaye ake yanka shi. Ta sunkuya za ta saka wa yarinya takalman ruwa, Malama Baird ta ce kowa ya saka nasa. Effie takan ce to, ta haɗiye. Ita fa ta karɓi Rhona tana wata tara, ko tsayuwa ba ta iya ba. Malama Baird ɗin nan kuwa butar shayin Effie ma ta girme ta.

Sa'o'in da gwamnati ke biya wa kowane yaro raba su aka yi: safiyar Laraba, Alhamis da Juma'a a makaranta, sauran a gidan Effie, ita ce mai kaiwa da ɗaukowa. Sai ga shi makaranta ta samu gurbin wuni guda, kullum, safe har yamma. Kirsteen, uwar Rhona, direbar bas, ta faɗa wa Effie ranar Litinin tana kallon ƙasa. Wuri ɗaya ya fi mata sauƙi, an huta da manta safa a can, hula a nan, kuma ranar Juma'a ƙaramar hukuma za ta rufe karɓar fom ɗin da iyaye ke zaɓen wurin raino a kai. Effie ta ce ai gaskiya ne, ta yi abin da ya fi mata. Da aka rufe ƙofa sai ta tsinci kanta a kicin, ta rasa me ta shigo ɗauka. Tsoro ne ya kama ta, ba na rasa aiki ba, don iyaye na bin layinta. Tana tsoron ranar da za su haɗu a kanti Rhona ta ɓoye a bayan uwarta.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar Alhamis da ta je ɗauko ta, Rhona ta fito rungume da Mista Angus, zomon tsumma na ajinsu, da 'yar akwatinsa da littafinsa. Kowane mako yaro ɗaya ke tafiya da shi gida, a ɗauke shi hoto, a rubuta inda ya je, a dawo da shi Litinin. Effie ta buɗe littafin a hanya ta ga iyaye sun mayar da abin gasa. Zomon ya hau jirgin sama, ya yi wasan ƙanƙara, ya je bikin aure har biyu. Ita da ke da rai ba ta wuce Edinburgh ba a shekara biyar. Da rana aka ba shi kujerar kusa da taga, wadda Effie ta saba zama a kai, ya ƙura mata idon maɓalli kamar mai duba aiki da makaranta ta turo.

Juma'a ƙarfe bakwai da rabi, ana yayyafi, Kirsteen ta ƙwanƙwasa. Effie ta hango bakin fom ɗin yana leƙowa daga aljihun rigar aikinta, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta buɗe baki za ta tambayi yadda aka kwana, Rhona ta riga ta. Ta miƙa mata zomon, ta ɗora akwatinsa a kan takalman da ke zaure, ta riƙe ƙugu.

"Anti Effie, bai yi barci sosai ba, kuma bai gama kununsa ba. Ba ya son wake, kar ki matsa masa. Idan ya yi rigima ki kira ni, ina wurin aiki har sha biyu."

Murya da tsayuwa da duba agogon da babu shi a hannu, duk na Kirsteen ne, ba ta rage ko ɗaya ba. Uwar ta kama baki, ta ce ita dai ba haka take magana ba. Effie ta ce a'a, ita takan ƙara da cewa ta makara.

Kirsteen ta durƙusa ta tuna wa 'yarta cewa yau akwai makaranta, me zai hana ta tafi da shi ya ga abokansa. Rhona ta dube ta da irin tausayin da yara ke yi wa manya marasa ganewa.

"Mama, can fa yake kullum. Mu ashirin ne, cinyar Malama Baird ɗaya ce, sai an yi layi. Shi ba a taɓa sa shi a layin ba." Ta gyara masa kunne. "Nan ba layi. Ki bar shi ya ɗan samu."

Effie ta duƙufa gyaran akwatin da ba abin da ya same ta, don idonta ya cika, kuma ba ta kuka a gaban iyayen yara.

Kirsteen ta duba agogonta na gaske, ta zaro fom ɗin. Ashe ko ɗigo ba ta sa a kai ba. Ta jingina shi da bango, ta ciro biro daga gashinta.

"Anti, ba ni lambar rajistarki. Yadda muke ɗin nan zan bar shi. Safa kuma ta ci gaba da ɓata."

Effie ta karanto lambar da ka, har da maimaici, ta ce ta yi sauri kar fasinja su tsine mata.

Ƙarfe tara ta kai Rhona makaranta, ta gaida Malama Baird da fara'ar da ta ba malamar mamaki. Ta dawo gida ta dafa shayi. Sauran yaran da take raino sai rana za a kawo su, gidan tsit. Ta buɗe littafin, ta wuce jirgin sama da ƙanƙara, ta samu farin shafi ta rubuta: Ranar Juma'a Mista Angus bai je ko'ina ba.

Sannan ta leƙa titi ta ga babu mai kallo, ta zauna a kujerarta ta kusa da taga, ta ɗora shi a cinya. Shayin ya huce a kan tebur, hannunta bai kai ba, amma ba ta tashi ba sai sha biyu saura kwata.