Kwaɗon Tankin Alwala

Mutum huɗu ne a cikin wannan labari: Ladan, mai riƙe da mabuɗin tankin masallaci, Ungozoma, ƙanwar mahaifiyarsa, Tela, mai shago a ƙofar masallacin, da kuma Liman. Akwai wata mai naƙuda da wani mamaci, amma ambatonsu kawai za a ji.

Mamacin shi ne ya sa tankin, ya kuma sa aka rubuta a jikinsa da jan fenti: “Na alwala ne kaɗai.” Shekara tara Ladan yana tsare wannan sharaɗi.

Ranar da famfo ya cika kwana huɗu a ɗauke, dab da azahar, Ungozoma ta iso da bokiti biyu tana haki.

“Buɗe mini, ɗan nan. Maƙwabciyata ce a kan gwiwa, ko ɗigo babu a gidan.”

“Inna, amana ce. Marigayi cewa ya yi alwala.”

“Shi marigayin daga sama ya faɗo?”

Liman bai iso ba, wayarsa a kashe. Ladan ya zura mabuɗi, ya zare. In ya ba ta, ya saɓa wa wanda ba ya nan balle ya yafe. In ya hana, ga rai biyu. Can wata dabara ta faɗo masa. Ya tura bokiti ƙarƙashin famfon tankin, ya ƙwala wa Tela kira.

“Zo ka yi alwala a kan bokitin nan. In ya taru, sharaɗi ya cika, sai Inna ta ɗauka.”

Tela ya naɗe hannun riga. “Har da ƙafa, ko in tsaya a gwiwar hannu?”

Ungozoma ta riƙe haɓa. “Da ruwan kurkurar bakin Tela zan wanke jariri? Ni na yanke maka cibiya, ashe har da hankalin na haɗa!”

Ana haka Liman ya iso. Ya saurara, ya ce, “Cika mata da mai tsabta.”

Ladan ya ce, “Malam, ruwan ya yi ƙasa. Jama'a fa?”

“Wanda ya rasa ruwan alwala, Allah ya ba shi taimama. Mai haihuwa me aka ba ta a madadi? Shari'a tsare rai ta zo yi, marigayi kuwa lada ya nema.”

Sawu huɗu Ungozoma ta yi, tanki ya ƙare. Da taimama aka yi azahar. Kafin la'asar aka aiko cewa mai naƙudar ta sauka lafiya, an samu mace.

Ladan ya yi hamdala, amma kansa bai warware ba. In na yau daidai ne, ina matsayin waɗanda ya mayar da tulunansu wayam shekara tara? Ya rataya kwaɗon a bakin famfon, ya kasa dannawa, ya kuma kasa cirewa.

Ni mai rubuta wannan, da girma na koyi riƙe alƙalami. Wanda ya ga inda na karkace, a harafi ko a hukunci, ina roƙo ya miƙe mini shi.