Tsayin Hannun Rakiya

Marigayi Datti ne ya saita murfin but ɗin motarsu, mai buɗe kansa, ya riƙa tsayawa daidai tsayin hannun matarsa Rakiya, don kada ya doki ƙofar garejinsu a Karu. Bayan rasuwarsa bakanike ya canja batir, saitin ya goge. Da safe Rakiya ta danna makulli, sai murfin ya wuce inda ya saba tsayawa, ya gwaru da ƙofar.

Ɗanta Nasrullahi ya duba wurin. "Fenti ne kawai, Umma. Ɗaga hannunki in sake saita shi."

Ta daɗe tana kallon murfin can sama.

"Babanka bai ce in ɗaga hannu ba," in ji ta. "Shi ya san tsayina."